Jabu na barazana ga kasuwar tsofaffin kuɗin Rasha

A watan Afrilun shekarar 2021, kamfanin gwanjo na Stack's Bowers da ke Amurka ya sayar da wata kwandalar azurfa ta ƙasar Rasha a kan dala miliyan 2 da dubu 640. Nauyin kwandalar bai kai giram 21 ba, kuma azurfar da ke jikinta ba ta kai ta dala 20 ba a farashin wancan lokaci.

Kwandalar dai ita ce ake kira rubul ɗin Konstantin, wanda aka buga a shekarar 1825. Guda takwas kacal masana suka amince cewa na gaske ne a duk faɗin duniya. Amma a yau duk mai bukata zai iya sayen irinsa a intanet ko a kasuwannin kayan tsaraba na birnin Mosko, a kan kuɗin da bai wuce na cin abincin rana ba.

Wannan tazara da ke tsakanin dala 20 da dala miliyan biyu da ɗoriya ita ce ke jan hankalin masu buga jabu. Ita ce kuma ta sa masu tara tsofaffin kuɗin Rasha ke fuskantar matsalar da ta fi ta takwarorinsu na sauran ƙasashe sarƙaƙiya, domin a tarihin kuɗin Rasha hukumomi da kansu sun daɗe suna gwamutsa na asali da na kwaikwayo.

Rubul ɗin sarkin da bai hau gado ba

Labarin wannan kwandala ya faro ne a ƙarshen shekarar 1825, lokacin da Sarki Aleksanda na Ɗaya ya rasu a garin Taganrog ba tare da ya bar magaji ba. Jama'a sun ɗauka ƙanensa Konstantin, wanda ke zaune a birnin Warsaw, shi ne zai gaje shi, har sojoji da manyan jami'ai suka yi masa mubaya'a. Abin da akasarinsu ba su sani ba shi ne, tun da daɗewa Konstantin ya janye daga neman sarautar a asirce.

A cikin 'yan makonnin da aka yi ana wannan ruɗani ne gidan buga kuɗi na St. Petersburg, ƙarƙashin kulawar ministan kuɗi Yegor Kankrin, ya buga wasu 'yan kwandaloli na gwaji masu ɗauke da hoton Konstantin. Da ƙura ta lafa, kuma ƙanensu Nikolas na Ɗaya ya hau gadon sarauta bayan murƙushe boren wasu hafsoshin soja a watan Disamba, sai aka kulle kwandalolin a ma'aikatar kuɗi a matsayin sirrin gwamnati.

Sai a shekarar 1879 Sarki Aleksanda na Biyu ya fito da guda biyar. Ya riƙe ɗaya, ya ba gidan adana kayan tarihi na Hermitage ɗaya, sauran ukun kuma ya raba wa danginsa.

To amma tun kafin a kai ga haka masu jabu sun riga sun shiga gaba. Wani basarake mai suna Aleksanda Trubetskoy, wanda ya yi aikin jakadanci a birnin Marseille na Faransa, ya riƙa tallar wasu kwandaloli yana cewa na Konstantin ne. Daga bisani bincike ya nuna a Faransa aka ƙera su. Abin mamaki, waɗannan jabun na Trubetskoy su ma sun zama kayan tarihi da masu tara kuɗi ke nema ruwa a jallo.

Dalilin tashin farashi

A zamanin Tarayyar Sobiyet, cinikin tsabar zinariya da kuɗin ƙasashen waje babban laifi ne. A shekarar 1961 an zartar da hukuncin kisa a kan Yan Rokotov da Vladislav Faibishenko bisa irin wannan laifi, bayan da shugaba Nikita Khrushchev ya nuna rashin gamsuwa da hukuncin ɗaurin da aka fara yanke musu. Saboda haka tsawon shekaru a ɓoye masu sha'awar tsofaffin kuɗi ke hada-hadarsu, yayin da manyan kwandaloli masu daraja suka daɗe da ficewa zuwa Turai da Amurka tare da iyalan da suka tsere bayan juyin juya halin 1917.

Al'amura sun sauya bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. An soke sashen dokar da ya haramta wannan ciniki a 1994, sannan farashin ɗanyen mai, wanda ya faɗi zuwa kusan dala 11 a 1998, ya riƙa hawa har ya kai dala 147 kowace ganga a watan Yulin 2008. Sabbin attajiran Rasha suka bazama zaurukan gwanjo na Landan da New York da Jamus da Suwizalan suna sayo kayan tarihin ƙasarsu. A 2004 ne hamshaƙin attajiri Viktor Vekselberg ya saye kayan ƙawa na Fabergé da iyalan Forbes suka tara, a kan kimanin dala miliyan 100.

Tsofaffin kuɗi ma ba a bar su a baya ba. A 2008 an sayar da wata kwandalar zinariya ta rubul 20, wadda aka buga a 1755 a zamanin Sarauniya Elizabet, a kan fiye da fam miliyan ɗaya da rabi a Landan. A 2012 kuma kamfanin Sincona na birnin Zurich ya sayar da rubul ɗin 1740 na Ivan na Shida a kan kuɗin Suwizalan franc miliyan 3 da dubu 600.

Shi wannan Ivan jariri ne ɗan wata biyu aka naɗa shi sarki, kuma shekara guda bayan haka Elizabet ta hamɓarar da shi, ta kuma ba da umarnin a tattaro duk kuɗin da ke ɗauke da sunansa a sake buga su. Daga baya ma riƙe irin kuɗin ya zama laifi. Wannan ne ya sa suka yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya sa suka yi tsada.

Ba attajirai kaɗai ne ke cikin kasuwar ba. Talakan Rasha ya ga yadda ajiyarsa ta banki ta narke a hauhawar farashin 1992, da durƙushewar tattalin arziki ta 1998, da faɗuwar darajar rubul a 2014. Ga irin wannan mutum, kwandalar zinariya ta zamanin Sarki Nikolas na Biyu ajiya ce da yake ganin babu gwamnatin da za ta iya soke ta a dare ɗaya. Tashin da farashin zinariya ya yi, har ya haura dala dubu 3 a watan Maris na 2025, ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi.

Hannun hukuma a cikin lamarin

Babban abin da ya bambanta kuɗin Rasha da na sauran ƙasashe shi ne wani rukuni da Rashawa ke kira novodel, wato sabon bugu. Tun daga ƙarni na 18, gidajen buga kuɗi na gwamnati sun riƙa karɓar oda daga sarakai da masu hannu da shuni, suna buga musu tsofaffin kwandalolin da suka rasa a cikin tarinsu. Idan tsohon hatimin ƙarfen da aka yi bugun farko da shi yana nan, sai a yi amfani da shi. Idan ya lalace, sai a sassaƙa sabo. A wasu lokutan ma an buga kwandaloli masu ɗauke da shekarun da ba a taɓa buga irinsu a cikinsu ba.

Sai a 1890 Sarki Aleksanda na Uku ya haramta wannan al'ada, bisa roƙon ɗan'uwansa Yarima Georgi Mikhailovich, wanda shi ne ya fi kowa shahara wajen tara kuɗin Rasha da rubuta tarihinsu.

Sai dai haramcin bai kawo ƙarshen lamarin ba. A shekarun 1920, gwamnatin Sobiyet, wadda ta kashe Sarki Nikolas na Biyu da iyalansa a 1918, ta sake buga kwandalolin zinariya masu ɗauke da hotonsa da tsofaffin hatimai, saboda abokan cinikinta na ƙetare sun fi yarda da kuɗin sarki a kan na 'yan gurguzu. Wannan ne ya sa ake yawan cin karo da rubul 10 mai ɗauke da shekarar 1911, alhali alƙaluman hukuma sun nuna kimanin dubu 50 kawai aka buga a waccan shekara.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai rasa misalin irin wannan ba. Kwandalar azurfa ta Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta hamada kuma Hausawa ke kira liyari, har yau shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta, duk da cewa ana ci gaba da buga ta a birnin Vienna.

Akwai kuma jabun da gwamnatoci suka yi wa juna. Kusan shekara 100 gidan buga kuɗi na St. Petersburg ya yi yana buga kwandalar zinariya ta ƙasar Holan a asirce, domin biyan sojoji da yin ciniki a ƙetare, kuma bai daina ba sai a 1868 bayan da gwamnatin Holan ta yi ƙorafi. Ita ma Rasha an yi mata haka. A lokacin yaƙin da ya ɓarke tsakaninta da Suwidin a 1788, Suwidawa sun buga jabun kofek 5 na jan ƙarfe a garin Avesta, da shekarun 1764 da 1778 da 1787. Ana gane su ne da siffar kambin sarautar da ke jikinsu. A yau jabun na Avesta ya ninka na gasken tsada nesa ba kusa ba, har ta kai masu jabu na wannan zamani suna buga jabun jabu.

Ke nan mai saye ba tambaya ɗaya ce a gabansa ba. Dole ya san ko kwandalar bugun farko ce, ko sabon bugun hukuma, ko tsohon jabu mai tarihi, ko kuwa wadda aka ƙera bara. Kowanne da farashinsa, kuma a wannan tsakani ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Dabarun masu jabu

Mafi sauƙin jabu shi ne na zubi, inda ake narkar da ƙarfe mai araha a zuba a mazubi, sannan a shafe shi da ruwan azurfa. Irin wannan ba ya wuyar ganewa. Rubul ɗin zamanin Nikolas na Biyu nauyinsa giram 20 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa, kuma akwai rubutu a zagaye da bakinsa mai bayyana yawan azurfar da haruffan sunan jami'in da ya kula da bugun. Ƙaramin sikeli da maganaɗisu da madubin ƙara girma sun isa su tona asirin akasarin jabun zubi. Ƙarar da kwandalar ke yi idan aka ƙwanƙwasa ta ma takan bambanta.

Irin waɗannan ne ake amfani da su a wata damfara da ta zama ruwan dare a biranen Rasha. Mutum zai bayyana sanye da kayan leburori, ya ce suna rushe wani tsohon gida ne suka tono tukunya cike da kuɗin zamanin sarakuna, kuma yana son rabuwa da su cikin gaggawa. Wanda kwaɗayi ya ja, sai ya je gida ya tarar da tagulla ya saya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Inda gizo ke saƙar shi ne jabun da ake bugawa da hatimi, kamar yadda gidan buga kuɗi ke yi. Masu wannan sana'a kan sayi kwandala ta gaske, su ɗauki siffarta da na'ura mai aiki da kwamfuta, su sassaƙa hatimi, sannan su buga a kan azurfa ko zinariya ta gaske mai daidai nauyi. Wasu ma a kan tsohuwar kwandala mai araha ta zamanin suke bugawa, ta yadda ko an gwada ƙarfen a ɗakin bincike zai nuna tsoho ne. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, domin a shekarun 1960 da 1970 birnin Beirut ya yi ƙaurin suna wajen buga jabun kwandalolin ƙasashe daban-daban da zinariya ta gaske. Abin da ya sauya shi ne na'urorin sun yi araha, kuma masana'antu a ƙasar Sin na fitar da kwafi masu ɗimbin yawa da ake tallarsu a shafukan ciniki na intanet.

Dabara ta uku ita ce gyaran fuska. Kwandalar ta gaske ce, amma sai a goge lamba ɗaya a cikin shekarar, ko a sauya haruffan sunan jami'in bugu, domin ta koma wata da ba a cika samu ba. Harafi ɗaya na iya ninka farashi sau da dama.

A irin wannan mataki, masana kan koma ga kwatanta kwandalar da hotunan waɗanda aka tabbatar da ingancinsu, suna duba 'yan ƙananan tsage-tsage da tabon da kowane hatimi ke bari. Idan kwandaloli biyu suka zo da ƙwarzane iri ɗaya a wuri ɗaya, to alama ce ta cewa daga uwa ɗaya aka kwafo su. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Giɓin da ke cikin doka

A ƙarni na 17 Rasha ba ta wasa da masu jabu. Kundin dokokin 1649 ya tanadi cewa duk ma'aikacin buga kuɗin da aka kama yana algus, a narkar da ƙarfe a ɗura masa a maƙogwaro. A yau ma sashe na 186 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗauri mai tsawo ga masu buga jabun kuɗi.

To amma wannan sashe ya shafi kuɗin da ake kashewa ne kawai. A watan Afrilun 1994 Kotun Ƙolin Rasha ta fayyace cewa ƙera kwafin kuɗin da aka daina amfani da su, kamar na zamanin sarakuna ko na Sobiyet, ba ya cikin wannan laifi. Sai dai a tuhumi mutum da zamba, idan an tabbatar ya yaudari mai saye.

A aikace wannan na nufin mai ƙerawa zai iya cewa kayan tsaraba yake yi, dillali na farko ya sayar a matsayin kwafi, sai a hannu na uku ko na huɗu kwandalar ta rikiɗe ta zama ta gaske. Wanda aka kama a ƙarshe kuma zai iya rantsuwa cewa shi ma cutarsa aka yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Amurka, wata doka ta 1973 ta wajabta a buga kalmar da ke nuna kwafi ne a jikin duk kwandalar kwaikwayo, kuma a 2014 aka faɗaɗa ta ta haɗa da masu sayarwa. Sai dai ikon dokar bai kai ga masana'antun da ke wasu ƙasashe ba.

Wata dokar kuma, duk da kyakkyawar manufarta, ta ƙara dagula lissafi. A 2013 Rasha ta tsaurara hukunci a kan masu tonon kayan tarihi ba da izini ba. Tun daga lokacin, wanda ya tono kwandala ta gaske ba ya son faɗin inda ya samo ta, lamarin da ya sa shiru a kan asalin kaya ya zama abin da aka saba da shi. Mai jabu kuwa abin da yake so ke nan.

Takunkumi ya raba kasuwa biyu

Domin magance matsalar yarda, kasuwar duniya ta dogara ne da kamfanonin tantancewa, musamman PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, dukansu a Amurka. Sukan duba kwandala, su ba ta maki, su rufe ta a cikin ƙaramin akwatin roba mai lamba. Ko da yake masu jabu sun fara kwaikwayon akwatunan su ma, har yanzu shaidar waɗannan kamfanoni na da tasiri sosai a kan farashi.

Mamayar da Rasha ta ƙaddamar a Ukraine a watan Fabrairun 2022 ta girgiza wannan tsari. A watan Maris na shekarar Tarayyar Turai ta haramta sayar wa Rasha kayan alatu da darajarsu ta haura yuro 300, ciki har da kayan tarihi. Kamfanonin Visa da Mastercard suka dakatar da ayyukansu a ƙasar, haka ma manyan kamfanonin jigilar saƙonni irin su FedEx da UPS. Kamfanonin gwanjo na Sotheby's da Christie's suka soke gwanjon kayan fasahar Rasha da suka saba yi a Landan. A tsakiyar shekarar kuma Amurka da Tarayyar Turai suka hana shigo da zinariya daga Rasha.

Sakamakon haka kasuwar ta rabu gida biyu. Manyan masu saye suna cikin Rasha, yayin da kaso mai yawa na kwandalolin da aka san salsalarsu, da kamfanonin tantancewa da aka fi yarda da su, suke Turai da Amurka. Akwai kamfanonin tantancewa da na gwanjo a cikin Rasha, kuma ƙasar na da ƙwararru a Hermitage da gidan tarihi na ƙasa da ke Mosko. Amma musayar bayanai da kai-komon kaya tsakanin ɓangarorin biyu sun yi wuya. Kayan da a da ake aikawa kai tsaye, yanzu sai sun bi ta hannun 'yan tsakiya a wata ƙasa ta uku, kuma kowane ƙarin hannu wata dama ce ta musanya na gaske da jabu.

Abin da za a iya rasawa

Asarar kuɗi ita ce ta fi fitowa fili, musamman ga ƙananan masu saye waɗanda ba su da halin biyan ƙwararru. Amma akwai wata asarar da ta fi wannan daɗewa. Tsofaffin kuɗi shaida ce da masana tarihi ke dogaro da ita. Daga nauyinsu da ingancin ƙarfensu ake gane lokacin da baitulmali ya shiga matsi, kamar yadda ya faru kafin boren da aka yi a Mosko a 1662, lokacin da gwamnati ta cika kasuwa da kuɗin jan ƙarfe a madadin azurfa. Idan jabu mai kyau ya samu shiga littattafan masana a matsayin na gaske, to shi za a riƙa auna sauran da shi.

Wannan ne ya sa a manyan gwanjo takardun da ke nuna hannayen da kwandala ta bi suka zama kusan daidai da ita kanta a daraja. Tarin Yarima Georgi Mikhailovich misali ne. An harbe shi a watan Janairun 1919 a cikin ganuwar Pita da Paul da ke St. Petersburg, wato harabar da gidan buga kuɗin yake. Iyalansa sun samu fitar da wani ɓangare na tarin zuwa ƙetare, daga bisani attajirin Amurka Willis du Pont ya saya ya kuma ba da shi kyauta ga cibiyar Smithsonian da ke Washington. Saboda yariman ya wallafa hotuna da bayanan kuɗin Rasha dalla-dalla tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, littattafansa na daga cikin ma'aunan da ake komawa gare su har gobe.

Ga masu tara kuɗin Rasha, mafita ta dogara ne a kan abubuwa uku: dokar da za ta tilasta sanya alama a jikin kowane kwafi tun daga masana'anta, rumbun hotunan jabun da aka gano wanda kowa zai iya dubawa, da kuma haɗin kai tsakanin ƙwararrun Rasha da na ƙasashen yamma. Na farko da na biyu suna hannun hukumomi da 'yan kasuwar. Na ukun kuwa ya ta'allaƙa ne ga yadda dangantaka za ta kasance tsakanin Mosko da ƙasashen yamma, kuma kafin a kai ga gyaruwarta masu jabu ne ke cin moriyar rabuwar.